Fara Ma Tana Da Zaɓen Abinci: Daga Laccar Kiwon Fara A Kaduna

Assalamu alaikum jama'a, iyaye da ƙanne. Na baya kuna jina ko? To madalla.

Kowa a nan ya taɓa sayen soyayyar fara da yaji a Kasuwar Bacci ko Kawo, amma da ka ce kiwonta za ka yi sai a fashe da dariya, wai ai fara komai kore ci take. Ba haka bane wallahi. Irin wacce ake kiwo a Turai, wacce Tarayyar Turai ta yarda a sayar da ita a matsayin abinci a 2021, ciyawa ce abincinta, ganyen gero, dawa, masara, ko alkamar da aka jiƙa ta tsiro a faranti, sai a ajiye mata dusa busasshiya a gefe ta riƙa lasa. Waccan mai kala-kala da ke addabar masu rogo kuwa faffaɗan ganye take so. Farar tumfafiya dai kun santa, dafin tumfafiyar ne ya zauna a jikinta shiyasa ba a cinta, kenan abin da fara ta ci shi kake ci.

Yawan cin ma ba wasa bane, farar hamada kullum tana cin abin da ya kai nauyin jikinta, kusan giram 2, to lissafa min dubu goma a keji. Kuma idan ka barsu da yunwa junansu za su fara ci, musamman wacce ta yi saɓa jikinta bai ƙwari ba, da safe sai ka tarar da ƙafafu da fukafukai a ƙasan keji.

Bari in faɗa muku wautar da na yi. Rani ya yi ciyawa ta bushe, na sauka lambu a bakin kogin Kaduna na sayo ganyen masara shar da shi, ban tambaya ba ashe an yi masa feshi. Washegari kejin nan tsit, duk sun yi rigingine, uwargida ta leƙa tace Malam yau kuma azumi suke? Tun daga ranar ni nake shuka nawa a tsofaffin robobi a bayan gida, kullum in yanko sabo in kwashe na jiya kafin ya yi fumfuna, ruwan da ke cikin ganyen ma ya ishe su sha.

Hajiya na ga hannunki a sama, bari a miƙo miki makirfo.