Dalilin da ya sa tramadol ke ratsa iyaka cikin sauƙi

Ku dubi katin ƙwayar nan da ake talla a tasha da kyau. An buga 225 a jikinsa. Tramadol ne, amma wanda doka ta yarda likita ya rubuta a Najeriya miligiram 50 ne ko 100. To yaya aka yi ya baro masana'anta a Indiya har ya iso teburin mai talla a bakin tasha?

Yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ke riƙe da harkar sa ido kan kayan maye a duniya. Ta 1961 ta shafi ofiyom da mofin da hodar iblis da wiwi. Ta 1971 ta ƙara ƙwayoyin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, irin su diyazefam. Ta 1988 kuma ta bi masu fatauci da sinadaran da ake haɗa kayan maye da su.

Ƙarfin tsarin a takarda yake. Duk shekara kowace ƙasa tana aika wa INCB, hukumar duniya mai sa ido kan kayan maye da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ƙiyasin mofin da kodin ɗin da asibitocinta za su buƙata, hukumar mai mambobi 13 ta tabbatar da shi. In kamfani zai shigo da mofin Najeriya, sai NAFDAC ta ba shi izinin shigowa. Ƙasar da ke sayarwa ba za ta saki kayan ba sai ta ga wannan takarda, ta kuma duba cewa adadin bai haura ƙiyasin ba. Kaya na sauka, a sa hannu a mayar mata da kwafi. Duk wata uku ƙasashen biyu su kai lissafinsu Biyana. Kilo ɗaya in ya ɓace a hanya, lissafin nan zai tona.

Sai dai wannan duka yana aiki ne a kan ƙwayar da aka sa sunanta a jadawalin yarjejeniyoyin nan, tramadol kuwa ba ya ciki. Ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya sun sake duba shi a 2018, ba su ba da shawarar a sa shi ba. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: a asibitoci da yawa na Afirka mofin ba ya samuwa, tramadol ne kaɗai ake ba wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji. A ɗaure shi da takardu, marasa lafiyar nan ne za su fara shan wuya.

Shi ya sa nauyin ya koma kan kowace ƙasa. Babu ƙiyasi, babu kwafin da za a mayar, sai abin da kwastan da NDLEA suka kama a kwantenar da aka rubuta wa sunan wani kaya dabam.

A watan Afrilun 2018 Indiya ta sa tramadol a ƙarƙashin dokarta ta kayan maye. Masu fatauci suka koma haɗa tapentadol mai kashe zafin ciwo da carisoprodol mai sassauta tsoka, su zama ƙwaya mai ƙarfin da kan iya tsayar da numfashi. Indiya ta hana wannan haɗi a Fabrairun 2025. A watan Maris kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai ƙasashe 53 da ke yanke hukunci kan jadawalin a Biyana ya sa carisoprodol a jadawali, amma a zaman nan ba a sa tapentadol ba.