Ku biyo ni ku ga su waye maƙwabtanmu a Maryland

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka, da fatan kowa ya tashi lafiya. Yau Asabar ce kuma baban yara ne ke tuƙi, hannuna a sake yake zan iya riƙe waya in nuna muku hanya yadda ya kamata. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce wai Anti a cikin Turawa kuke zaune ko a cikin baƙaƙe, to yau dai ku gani da idonku. Nan Silver Spring ne a jihar Maryland, cikin gundumar Montgomery, a gefen birnin Washington muke, ba cikin birni ba kuma ba ƙauye ba, irin unguwannin nan ne na bayan gari da mutum ke kwana ya tashi da asuba ya shiga mota ko jirgin ƙasa ya tafi aiki cikin gari.

Ga layinmu nan kafin mu fita. Gidan can mai jan ƙofa 'yan Habasha ne, ranar Lahadi da sassafe zaka ga matar ta fito da farin mayafinsu na auduga za ta coci, kuma idan tana soya gahawa har ɗakin girkina ƙamshin ke shigowa. Na kusa da su 'yan Salbado ne daga Amurka ta Tsakiya, mijin aikin gini yake, ga motarsa can da tsani a sama. Sai wani tsoho Bature da matarsa ta rasu, shi ne ya fi kowa daɗewa a layin, sai 'yan Indiya, sai mu. A ƙidayar 2020 mutanen gundumar nan sun haura miliyan 1, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba a Amurka aka haife su ba, wato in kin tsaya a layin biyan kuɗi a kanti ki duba gabanki ki duba bayanki, da wuya a rasa baƙo irinki.

Amma fa ba haka wajen yake ba a da. Unguwannin nan da yawa lokacin da aka gina su a cikin takardar gida ake rubutawa cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, wasu har da Yahudawa. Sai a 1948 kotun ƙoli ta ce ba kotun da za ta tilasta wannan sharaɗin, sannan a 1968, mako ɗaya bayan kashe Martin Luther King jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen Amurka, aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya wajen sayar da gida ko bada haya. Kullum ina gaya wa 'yan uwanmu sabbin zuwa masu ɗaga hanci ga baƙaƙen Amurka, wallahi ku bari, gidan nan da kike ciki kina ɗaukar hoto kina turawa gida, waɗannan mutanen ne suka sha duka da ɗauri kafin aka buɗe ƙofar. Ita kuma ƙofar shigowa ƙasar, dokar 1965 ce da shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ta rushe tsohon tsarin da ya fifita mutanen Turai, daga nan 'yan Asiya da Afirka suka fara samun hanya. A 1990 aka ƙara da bizar caca ɗin nan da kuka sani, wadda aka cire Najeriya daga ciki tun zagayen 2015 saboda 'yan Najeriya da suka shigo cikin shekara biyar sun wuce 50,000.

Yauwa baban Amira ɗan rage gudu, nan nake so su gani. Wannan titin New Hampshire ne, kuma ban taɓa ganin titi mai wuraren ibada irinsa ba. Ku duba can, wancan mai rufin ruwan zinare mai lanƙwasa wurin ibadar 'yan addinin Buddha ne na mutanen Kambodiya. In muka ƙara gaba kaɗan za ku ga cocin 'yan Yukren da ƙubbobinta masu walƙiya, kusa da ita kuma ga masallacin Muslim Community Center, maƙwabtan juna ne. Ranar Juma'a a sahu ɗaya zaki ga 'yar Pakistan, 'yar Senegal, 'yar Somaliya, 'yar Indonesiya, ga baƙar Ba'amurkiya da kakanta ya musulunta tun kafin a haife ni. A can Lanham kuma cikin gundumar Prince George's akwai katafaren masallacin da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2016, wata rana zan kai ku.

Ta ɓangaren addini gaskiya alhamdulillah, an yi ƙoƙari kuma ba a banza aka samu ba. Iyaye musulmi sun yi shekaru suna neman a bai wa yara hutun sallah a makarantun gwamnati na gundumar nan kamar yadda ake rufewa ranar Kirsimeti da bukukuwan Yahudawa. A 2014 hukumar makarantu maimakon ta ƙara sallah sai ta goge sunayen bukukuwan addini gaba ɗaya daga kalanda, aka yi ta cece-kuce, iyaye basu gaji ba suka ci gaba da zuwa zaman hukumar, har a 2016 yara suka zauna a gida ranar babbar sallah. Layya kuwa ba a yanka a bayan gida, gona ake zuwa can wajen gari a yanka a feɗe a zubo miki a leda ki dawo ki kwana kina suya.

To abin da ya sa na ɗauki bidiyon nan, kuma shi ne ke cin raina, addini ya samu gini, abinci ya samu kanti, amma Hausa bata da ko ɗaki ɗaya. Ku tuna yadda kakanninmu ke yi in sun je baƙuwar ƙasa, a Kumasi zango suka kafa, a Accra ga Sabon Zango, a Ibadan ga Sabo, a Sudan ga Mai Wurno, wuri ɗaya ake taruwa a naɗa sarki a gina masallaci a buɗe makarantar allo, mai tuwo ta kafa tukunya a bakin hanya, yaro ko bai so ba sai ya ji Hausa domin ita ce a layi. Shi ya sa jikan jikan wanda ya bar Kano da fataucin goro har yau yana yi maka Hausa a Gana. Nan kuwa tsarin unguwar ma bai yarda da haka ba, kowa inda ya samu haya ko inda makarantar yara ke da kyau nan yake zama, ni ina Silver Spring, ƙawata 'yar Maraɗi tana Germantown, wata 'yar Garwa ta Kamaru tana Bowie, kafin ki je ki dawo rabin yini ya tafi. Ba zaure, ba dandali, ba zaman ƙofar gida da yamma, mutum ya danna rimot gareji ya buɗe ya shige da mota ya rufe, sai ki yi sati baki ga ƙeyar maƙwabcinki ba balle lokacin sanyi da ƙarfe 5 duhu ya yi.

Sannan mu 'yan kaɗan ne ko a cikin 'yan Najeriya. In na ce daga Najeriya nake a wurin aiki tambaya ta gaba ita ce Yarabawa ko Ibo, in na ce Hausa sai a yi shiru ana tunani. Kantin kayan Afirka ma da za mu shiga anjima garin rogo da manja da agushi sun cika shi fal, amma kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli sai dai ki jira mai zuwa daga gida ta ɗan matsa miki a akwati. A makaranta yarana baƙaƙe ne kawai, a masallaci 'yan Afirka ne, a taron 'yan Najeriya 'yan arewa ne, sai sun shigo falona suke zama Hausawa, kuma falo ɗaya ba ya riƙe harshe. Ƙaramar tana jin duk abin da na faɗa amma da Turanci take amsawa, ranar da kakarta ta kira a bidiyo ta ce mata ina wuni Hajiya sannan ta tsaya tana kallona in fassara mata sauran, Hajiya dariya ta yi ta sa mata albarka, ni kuwa ranar ban yi barci da wuri ba.

Ban ɗora wa yaran laifi ba ko kaɗan, awa nawa suke yi a makaranta, awa nawa muke yi a wurin aiki, wasu iyayen aiki biyu suke haɗawa don biyan kuɗin gida. Amma ina kallon sauran ƙabilu ina koyo. 'Yan China da 'yan Koriya ƙarshen mako suke hayar azuzuwa ko su yi amfani da cocinsu a koya wa yara karatu da rubutu da harshensu. 'Yan Habasha ku shiga tsakiyar Silver Spring ku ga gidajen abincinsu da shagunansu da rubutun Amharik a jikin allo, yaronsu yana tafe yana ganin harshen uwarsa a bango. 'Yan Biyetnam suna da kasuwa sukutum a Falls Church ta jihar Virginia, Eden Center. Mu kuma sai suna ko biki ko rasuwa ke haɗa mu, a cika gidan wani da shadda da atamfa da turaren wuta, manya na sama suna Hausa, yara na ƙasa suna Turanci da wayoyinsu, a ci waina a watse sai kuma wani sunan.

Shi ne muka ce bari mu gwada namu daidai ƙarfinmu, kuma can muka nufa yanzu. Gida-gida muke zagayawa ranar Asabar, kowace ta kawo abin da ta dafa, doka ɗaya ce, daga bakin ƙofa ba Turanci, har mu iyayen domin mu ma bakinmu ya saba gauraya. Wata tana koya musu gaisuwa da sunayen dangi, su san bambancin gwaggo da inna, kawu da baffa, wata tana yin tatsuniyar gizo da ƙoƙi, manyan kuma an fara sa su rubuta wa kakanninsu saƙo a WhatsApp da Hausa ba da murya ba. 'Yar Maraɗi ta ce gujiya ni in ce gyaɗa, yara su yi ta musu waye daidai, ni kuwa daɗi nake ji domin da Hausa suke musun.

Masu kallona daga Bronx ta New York da Greensboro ta jihar North Carolina, na san ku kuna da yawa a wuri ɗaya fiye da mu, dan Allah ku faɗa min yadda kuke yi da yaranku, in akwai littattafan koyon karatu na yara da kuka samu masu kyau ku turo min sunansu muna buƙata sosai, musamman na 'yan shekara 5 zuwa 10. Mun iso, ga motoci nan har sun cika gefen titi, bari in sauke kular dambun nan tun da zafinsa, cikin gidan mutane ne bazan ɗauka ba sai na nemi izini. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya yarda.