Darasin lissafi: buɗe biraket da rigimar mainos

Assalamu alaikum 'yan aji, barkanmu da warhaka daga nan Tudun Wada, Kaduna. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, tun azahar aka ɗauke wuta. Masu shirin WAEC da NECO ku matso kusa, yau biraket za mu buɗe.

Ku dubi allo: (x − 3)(x − 5). Kowa na cikin biraket ɗin farko sai ya gaisa da kowa na cikin na biyu, irin gaisuwar sallah, ba a tsallake kowa. x sau x ya ba mu x². x sau −5 ya ba mu −5x. To nan ne ake zamewa, wannan 3 ɗin ba shi kaɗai yake yawo ba, mainos ɗin nan a goye yake da shi kamar uwa da ɗanta, duk inda za ku kai shi ku kai su tare. Saboda haka −3 sau x, −3x. Sai −3 sau −5, nawa? Na san wani ya riga ya ce −15. A'a wallahi, +15 ne.

Ku ɗauki mainos a matsayin bashi. Mai shagon layinku yana binku dubu 5 har sau uku, ranan nan sai ya buɗe littafi ya soke duka ukun ya ce ya yafe, to ai cire bashi aka yi, dubu 15 ta zauna a aljihunku kenan.

Mu tattara. −5x da −3x su zama −8x, kar wani ya ce min mainos biyu sun haɗu sun zama fulos, a nan ba ninkawa muke ba, bashi ne kan bashi. Amsa: x² − 8x + 15.

In kuna kokwanto ku sa x ya zama 10. Can sama 7 sau 5, 35. A amsarmu 100 a cire 80 a ƙara 15, 35. Da −15 kuka rubuta da 5 za ku gani, kun kama kanku tun kafin mai makin ya kama ku.

Ga na gida: 7 − 2(x − 4). Kar ku fara da cire 2 daga 7, −2 ne zai shiga biraket ɗin ya gaisa da kowa. Ku ɗauko biro, zan ɗan goge allo.