Sharhi Kan Ƙera Jijiyoyin Jini Domin Dasa wa Majinyata

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi ƙoƙarin da masana ke yi na ƙera jijiyoyin jini da za su maye gurbin waɗanda suka toshe ko suka lalace a jikin ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun yi ajalin kusan mutum miliyan 18 a shekarar 2019, kuma da yawa daga cikin masu fama da su tiyata ce kaɗai mafita gare su.

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, likita kan ciro wata daga ƙafar majinyacin ko ƙirjinsa, ya kewaye wurin da ita. Sai dai tsofaffi da masu ciwon sukari da masu wankin ƙoda sau tari ba su da sauran lafiyayyar jijiyar da za a cira. Bututun roba irin su Dacron suna aiki a manyan jijiyoyi, amma da zarar faɗin ya gaza milimita 6, jini kan daskare a ciki, domin roba ba ta da rayayyen shimfiɗin nan mai santsi da ke hana jini yin guda.

An fara gwada ƙera jijiya daga ƙwayoyin halitta a 1986, lokacin da masana biyu, Weinberg da Bell, suka haɗa wata da ƙwayoyin halittar shanu da kolajin, wato sinadarin furotin da ke ba fata da jijiyoyi ƙwari, amma ba ta da ƙarfin jure bugun jini. Babban darasin ya fito ne daga Japan, wajen likita Toshiharu Shinoka da yaran da aka haifa da nakasar zuciya. Matsalar yaro dabam take, domin shi yana girma, roba kuwa ba ta girma tare da shi, sai a yi ta maimaita masa tiyata. Daga 2001 zuwa 2004, Shinoka da abokan aikinsa sun dasa wa majinyata 25 wani bututu da aka saƙa da zare mai narkewa a jiki, bayan sun shafe shi da ƙwayoyin da aka zuƙo daga ɓargon kowannensu, inda ake samun ƙwayoyin asali masu iya rikiɗa zuwa wasu nau'o'i.

Kowa ya ɗauka ƙwayoyin da aka shafa su ne za su zama sabuwar jijiyar. Da aka bibiyi al'amarin a jikin ɓeraye, sai aka tarar suna ɓacewa cikin kwanaki kaɗan. Aikinsu ashe shi ne su jawo ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma waɗannan su buɗe wa ƙwayoyin jijiyar da ke maƙwabtaka hanya su mamaye bututun, yayin da zaren ke narkewa a hankali. A ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da fagen ya gano, domin ya nuna cewa jiki da kansa ne maginin, masana suna kafa masa tsani ne kawai. Amma kumburin da ƙwayoyin garkuwar ke haddasawa, wanda ke jawo ginin, shi ne kuma ke sa jijiyar ta tsuke, abin da ya sa aka dakatar da gwajin farko na wannan dabara a Amurka har sai da aka fahimci dalilin.

Masaniya Laura Niklason ta Amurka, wadda tun 1999 ta nuna cewa jijiya kan yi ƙwari idan aka rene ta cikin na'urar da ke kwaikwayon bugun zuciya, ta bi wannan fahimta har ƙarshe. Kamfaninta Humacyte yana renon ƙwayoyin halittar da wasu mutane suka bayar gudummawa har tsawon kimanin mako 8, sannan a wanke su baki ɗaya, a bar bututun kolajin da jiki ba ya yaƙa, wanda ake ajiyewa a firiji har ranar buƙata. An yi amfani da shi ga waɗanda suka ji rauni a yaƙin Yukren, kuma a Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi wajen gyaran jijiyoyin hannu da ƙafa da suka samu rauni.

Wajibi ne masu sauraro su lura da iyakar wannan amincewa, domin faɗin bututun milimita 6 ne, jijiyoyin zuciya kuwa ba su cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma a nan ne miliyoyin mabuƙata suke. Ana sa rai ga dabarar masanin Japan Shinya Yamanaka ta 2006, wadda ke mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali, ko za ta samar da shimfiɗin cikin da ƙananan jijiyoyi ke buƙata, muddin an tabbatar babu ƙwayar da za ta rikiɗe ta zama ƙari. Abin da ya kamata a nema daga masu binciken shi ne su riƙa bibiyar majinyata shekaru goma ko fiye, su bayyana jijiyoyin da suka toshe ko suka fashe kamar yadda suke bayyana waɗanda suka yi aiki, kuma su sauko da tsadar yadda mai wankin ƙoda a kowace ƙasa zai iya samu.