Zoben da Ake Mantawa: Ɗaure Injin Lantarkin Jirgin Kamun Kifi Kafin a Hau Titi

[Hoto: mota tana jan ƙaramin jirgi a kan tirela]

Jama'a, ku zuba ido a goshin jirgin nan. Kun ga sandar can da ke kwance? Injin lantarki ke nan, irin wanda masu kamun kifi da ƙugiya suke lallaɓawa da shi a kan ruwa ba tare da ƙara ta kori kifi ba. Ku jira kaɗan. Direba ya taka birki... to, ga shi nan. Inji ya zame, ya sulmiyo ƙasa, farfela ta daki ƙarfen tirela.

A maimaita mana a hankali.

Idan ka tambayi mai jirgi irin wannan, rantsuwa zai yi maka cewa ya kulle injinsa, har ya ji sakata ta ce ƙas. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya ji ɗin. Yawancin mutane a wannan ƙas ɗin suke tsayawa, su kakkaɓe hannu su shiga mota. Saura aiki guda, wanda bai kai minti ɗaya ba, kuma shi ya sa muka haɗa wannan bidiyo.

Bari mu fara kawar da masu sauƙin.

Idan injinka na bayan jirgi ne, mai dunƙulen maɗauri biyu da ake murzawa da hannu, kada ma ka wahalar da kanka. Kwance shi. Naɗe shi da tsohon bargo, ka sa a but ɗin mota ko ka shimfiɗa shi a cikin jirgin ka ɗaure. Girgizar titi tana sassauta waɗannan maɗaurai, ga kuma masu dogon hannu a wurin da za ka tsaya shan shayi. Shi ke nan, mun gama da wannan.

Wuta kuma, a cire. Zare fulogi, ko ka kashe makunnin da ke katse wuta tsakanin batir da inji. Volt 12 ne, 24 ne ko 36, duk ɗaya. Injunan yanzu suna da rimot, rimot kuwa yana aljihunka, kana zaune a kansa. Farfela na iya tashi tana juyawa a iska babu wanda ya sani. Akwai ma samfurin Minn Kota, kamfanin da ke ƙera injunan nan, da ake kira Ulterra, wanda ke sauka ruwa da kansa da danna maɓalli ɗaya. Ku yi tunanin wannan maɓallin ya dannu kuna tsakiyar titi.

Batir ya zauna a akwatinsa, a ɗaure da bel. Mai ruwan asid ɗin nan yakan haura kilo 20, ba abin da za a bari yana yawo a cikin jirgi ba ne.

Yawwa. Yanzu mai kyamara ya matso.

[Hoto daga kusa: injin goshi a kwance]

Ku lura da yadda abin yake kwance. Wannan dunƙulen mai kama da kifi, mai farfela, a nan motar lantarkin take, kuma shi ya fi komai nauyi. Yana zaune a kan mazauninsa, a can bakin goshi. Wannan akwatin na tsakiya shi ke juya inji dama da hagu, sandar kuma ta ratsa ta cikinsa. A ɗaya ƙarshen, wajen cikin jirgi, ga kan inji.

Yaya ake saukar da shi ruwa? A taka sakata, a tura sandar gaba, dunƙulen ya bar mazauninsa, nauyinsa ya ja shi ƙasa. Gaba ake turawa. Ku riƙe wannan.

To, jirgi a kan tirela ina yake fuskanta? Gaba, wajen mota. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, duk abin da ke cikin jirgi ina yake nufa? Wanda ya taɓa ganin buhun masara a bayan a-kori-kura ya san amsar: gaba yake zamewa. Wato birki yana yi wa injin turin da kai kake yi masa da hannunka idan za ka sauke shi. Abin da ya rage tsakaninsa da faɗuwa sakata ce kawai. Sakata kuwa tana cinyewa da tsufa, yashi yana shiga cikinta, wani lokaci ma rabi ta kama, ƙarar ce ta ruɗe ka. A haɗa da rami ɗaya mai kyau a kan kwalta, an gama.

Ga zoben. Kun gan shi? Wannan baƙin abin da ya zagaye sandar, mai ɗan maɗauri a gefe. Aikinsa a ruwa shi ne tsayar da zurfi: inda ka ɗaure shi, nan sandar za ta tsaya, farfela ba za ta ƙara nutsewa ba. Saboda haka yawanci yana can sama, kusa da kan inji. Idan ka janyo inji ka kwantar, zoben yana tafiya tare da sandar, ya yi nisa da akwatin tsakiya. Ku dubi tazarar da ke tsakaninsu. Duk tsawon nan fili ne da sandar za ta iya zamewa.

Abin yi: sassauta zoben. Zame shi a kan sandar har ya manne da akwatin tsakiya, babu ko wurin sa yatsa. Sannan ka ɗaure tamau. Yanzu kama kan injin ka tura gaba da ƙarfinka. Bai motsa ba ko? Ko sakata ta saki a hanya, zoben zai tokare.

Wannan ba dabarata ba ce, tana cikin littafin da Minn Kota ke haɗawa da injuna irin su Terrova da PowerDrive. Littafin nan dai da ake jefarwa tare da kwali. Ni a ganina ya kamata su rubuta shi da jan fenti a jikin sandar, tunda masu GPS a cikin injunan nan kuɗinsu yana haura dala 1,000.

Hotunanmu na zobe sun ƙare, sai ku yi haƙuri da wannan tsohon hoton tafki, in ba ku ɗan labari. A shekarar 1934, a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, wani mutum mai suna O.G. Schmidt ya ɗauki sitatar motar Ford Model A, ya haɗa mata sanda da farfela. Daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. Yau ga kamfanin Garmin, ga Lowrance, kowa da nasa injin, wasu ma tauraron ɗan'adam ke riƙe musu jirgi a wuri guda. Amma rami a titi bai san tauraron ɗan'adam ba.

[Hoto: kan inji yana rawa yayin tafiya]

Saura kan injin. Sandar takan kai inci 45, 54, 60, har 72. Inci 60 mita ɗaya da rabi ke nan. Gindi a kulle, kai yana reto a iska, kowane tudu sai ya yi sama ya dawo, kuma a cikinsa kayan lantarki suke. Wannan rawar tana gajiyar da kusoshin da suka riƙe injin a jikin jirgi. Akwai 'yar ƙafa da ake sayarwa don tallafe sandar kusa da kai. Idan sandarka doguwa ce, ka saya. Idan babu, a sa soso mai kauri a ƙarƙashi a ɗaure da bel. Kada ka matse har sandar ta lanƙwashe, riƙewa ake so. Roba mai talewa kuma ban yarda da ita ba, tana barin kai ya ci gaba da rawa.

Injin da ake tuƙawa da fedar ƙafa, mai igiyar ja, tsarinsa daban ne: yana zuwa da bel nasa, a zagaya shi a kan sandar a manne. Fedar ma kada a bar ta tana gararamba.

Bayan ka ɗan taɓa tafiya, tsaya a gefen hanya ka sake taɓa komai da hannu: zobe, bel, batir.

Idan kuma ka isa bakin ruwa, ka taka sakata, ka tura, inji ya ƙi sauka, kada ka fara zagin kamfani a gaban jama'a. Zoben ne. Sassauta shi, mayar da shi inda yake tsayar maka da zurfi, sannan ka sa fulogi.