Jay Chou da Kwafi Miliyan 7.2: Me Aka Ƙirga?

[Hoto: jadawalin IFPI na 2022, sunan Jay Chou a sama]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Hoton nan da kuke gani ya sake dawowa yana yawo a wayoyi, kuma duk inda ya sauka sai an tafka musu. Jadawalin cinikin kundin waƙa ne na duniya na shekarar 2022. Na ɗaya Jay Chou, mawaƙin Taiwan, da kundinsa Greatest Works of Art mai kwafi miliyan 7.2. BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, suna ƙasansa, Taylor Swift ta Amurka ma tana ƙasansa. Wasu suka ce haɗi ne kawai, wani ne ya zauna da kwamfuta ya ƙaga, tunda su ko sunan mutumin ba su taɓa ji ba. Wasu kuma suka ce gaskiya ne, har suka ƙara da cewa ashe a shekarar babu mawaƙin da aka saurara a duniya kamarsa.

Hoton dai na gaskiya ne. IFPI ce ta fitar da shi a watan Maris na 2023, wato ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta duniya mai hedikwata a Landan, kuma shi ne karo na farko da mai waƙa da Mandarin, babban harshen Sinawa, ya hau saman wannan jadawali. Amma masu magana ta biyu su ma sun yi tuntuɓe, kuma a kan kalma ɗaya tak suka yi shi: ciniki. A kanta za mu yada zango yau. Kafin nan bari mu bi tarihin mutumin a gurguje.

[Hoto: tsofaffin hotunansa, titunan Taipei]

An haife shi a watan Janairun 1979 a Linkou, kusa da birnin Taipei. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsa, malamar makaranta, ta zaunar da shi gaban fiyano. A 1997 ya shiga wata gasa ta talabijin, kuma ba ma shi ke rera waƙar ba, kiɗa yake yi wa wani. Ba su ci gasar ba. Sai dai mai gabatar da shirin, Jacky Wu, ya leƙa takardar kiɗan da yaron ya rubuta, ya ga aikin ya fi ƙarfin shekarunsa, ya ɗauke shi a kamfaninsa, Alfa Music. Ya yi 'yan shekaru yana tsara wa wasu waƙoƙi. A can ya haɗu da Vincent Fang, aka raba aiki: Fang ya riƙe rubutun baitoci, shi kuma ya riƙe kiɗa da kari.

Nuwamban 2000 kundinsa na farko ya fito, mai suna Jay. A 2001 sai Fantasy, wanda ya kwashe kyaututtuka biyar a bikin Golden Melody, babban bikin karrama mawaƙan Taiwan. A 2003 ya sa wa kundi sunan mahaifiyarsa sukutum, Yeh Hui-mei, kuma ni wannan ɗaya ya sa na ƙara ganin girmansa. Daga 2000 zuwa 2008 kowace shekara da sabon kundi, babu fashi. A 2007 ya kafa nasa kamfanin, JVR Music.

[A saki kiɗa na ɗan lokaci]

Ku saurari wannan. Gambarar zamani ce irin ta Amurka, sai kuma ga erhu ya shigo a bayanta, wani goge ne na Sinawa mai tsirkiya biyu. Shi kuma yana tauna kalmomin kamar mai goro a baki, har Sinawan kansu sukan buɗe takardar baitoci kafin su gane me ya ce. Da farko an yi masa gori a kan haka, daga baya abin ya zama tambarinsa.

To, mu dawo ga lissafi.

Mutanen Taiwan gaba ɗaya ba su wuce miliyan 23 da ɗoriya ba. Kasuwarsa ta gaske tana tsallaken ruwa, a ƙasar Sin mai mutum biliyan 1.4, ga kuma Hong Kong, Malesiya, Singafo da duk inda Sinawa suka yi kaka-gida. A shekarun da ya fi tashe, wannan babbar kasuwa a hannun masu satar fasaha take. CD na bogi a kan tebur a bakin titi, daga baya kuma shafukan intanet da ake sauke waƙa kyauta. Wanda ya san zamanin da ake miƙa wa mai turi memori ya cika shi da waƙoƙi a kan 'yan canji, ya san yadda abin yake: waƙa ta game gari, mai ita bai ga sisi ba, kuma babu littafin da aka rubuta ta a ciki. Saboda haka duk alƙaluman da za ku gani na kundayensa na farko, mafi yawa daga bakin kamfani suka fito, kuma ainihin masu sauraro sun ninka su nesa ba kusa ba. Ko jadawalin G-Music da aka fara a Taiwan a 2005, kaso cikin ɗari na cinikin mako yake nunawa maimakon adadin kwafi.

[Hoto: waya, an buɗe manhajar QQ Music]

Nan ne wurin da nake so ku ajiye komai ku ba ni hankalinku.

IFPI ba jadawali ɗaya take fitarwa ba. Akwai wanda ke ƙirga ciniki zalla, wato CD, faifai, kaset, da kundin da mutum ya biya kuɗi ya mallaka ta intanet. Akwai kuma wani daban da ke haɗa wannan ciniki da sauraro ta intanet, irin na Spotify da Apple Music. Hoton da ke yawo na farkon ne. A na biyun, a wannan shekarar ta 2022, Bad Bunny na Fwatoriko ne a sama. A jadawalin mawaƙa kuwa, wanda ke tattara duk abin da mutum ya taɓa fitarwa, Taylor Swift ce ta ɗaya, Jay Chou na tara. Shekara ɗaya ce, ƙungiya ɗaya, amma mudun awo ya bambanta.

Ku ɗauki misalin fim. Wani ya je kasuwa ya sayi kaset ya kai gida, ya zama nasa. Wani kuma kullum da daddare yana gidan kallo, yana biyan kuɗin ƙofa, ya kalli fim ɗin nan sau goma bai taɓa saye ba. In ka tambayi mai shago kwafi nawa aka saya, mutum na biyu ba ya cikin lissafi ko da ya haddace fim ɗin. Jadawalin ciniki littafin mai shago ne.

A Amurka da Turai yawancin mutane sun koma gidan kallo. Mutum ya biya kuɗin wata, sabon kundi ya fito da tsakar dare, ya danna ya saurara, bai ƙara ko kwabo ba. Shi ya sa tun a Disambar 2014 mujallar Billboard ta ƙirƙiro wani lissafi na canji, ta ce sauraro 1,500 ya tsaya a madadin kundi ɗaya. Daga baya an yi ta sauya adadin, amma dabarar tana nan. Irin wannan haɗaɗɗen lissafi shi ke sa mawaƙin da kusan ba a sayen CD ɗinsa ya hau saman jadawali.

A Sin hanya ta bi wani wuri daban. Spotify ba ya aiki a can, YouTube a toshe yake. Manyan manhajojin su ne QQ Music, Kugou da Kuwo, dukkansu na kamfanin Tencent, sai abokiyar hamayyarsu NetEase. A watan Disambar 2014 aka sa kundin da Jay Chou ya fitar a wannan shekarar a QQ Music a kan yuwan 20, wato kuɗin Sin, kuma ana lissafa shi cikin na farko-farko da aka sayar ta wannan hanya. A Yulin 2015 hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasar ta ba da umarni a sauke duk waƙar da ba ta da lasisi. Ƙofar kyauta ta fara rufewa, mutanen da suka saba da banza suka fara koyon biya.

Ga yadda tsarin yake, ku dubi allon wayar da kyau. Babban mawaƙi ya saki kundi, ka buɗe manhaja, ka ga waƙoƙin a jere amma a kulle. Ko kana biyan kuɗin wata, wannan kundin dai sai ka saya daban kafin ya buɗe maka. Ka danna, kuɗi su fita daga asusun wayarka, shi ke nan. Mutumin da a Amurka za a rubuta shi a layin masu sauraro, a Sin sai ya faɗa layin masu saye. Son waƙar ɗaya ne, wayar ma iri ɗaya ce a hannunsu, littafin da aka rubuta sunansu ne ya bambanta.

[Hoto: bidiyon waƙar, titunan Faris, makaɗin Sin Lang Lang a kan fiyano]

Yanzu ku ɗora Jay Chou a kan wannan tsari. Kafin 2022, rabonsa da cikakken kundi tun 2016. Shekara shida mutane na jira. Yaran da suka saurare shi a CD na bogi suna 'yan sakandare sun zama magidanta masu albashi. An ma ga alama tun a Satumbar 2019, lokacin da ya saki waƙa guda ɗaya a kan yuwan 3, cunkoson masu saye ya sa QQ Music ta tsaya cak na ɗan lokaci. Da Greatest Works of Art ya fito a Yulin 2022 a kan yuwan 30, ƙasa da dala 5 ke nan, sai aka yi masa rubdugu. Waƙoƙi 12 ne a ciki, biyar ma sun riga sun fita ɗai-ɗai a shekarun baya, duk da haka aka saya.

Na san abin da wani zai ce yanzu: ai masoya ne suka yi ta saye sau ɗari-ɗari don su ɗaga gwaninsu. Tambayar tana kan hanya, don an yi wannan a Sin sosai. Akwai lokacin da mutum ɗaya kan sayi kundi ɗaya sau dubbai, manhajar kuma ta jera sunayen waɗanda suka fi kashe kuɗi, ana gasa. Amma a watan Agustan 2021 hukumomi suka taka wa wannan ɗabi'a burki, QQ Music ta hana asusu ɗaya ya maimaita sayen kundi. Kundin Jay Chou bayan wannan doka ya fito, da kusan shekara guda. Ba a rasa mai asusu biyu ko uku ba, amma tsohuwar hanyar danna sau dubu ta riga ta toshe. Wannan ne ya sa ni nake ɗaukar alƙaluman nasa da nauyi.

Kuma a yi adalci, maimaita saye ba a Sin kaɗai ake yinsa ba. Ƙungiyoyin Koriya ta Kudu suna sa katin hoton mawaƙi a cikin CD, ba ka san na wa za ka samu ba sai ka buɗe, sai masoyi ya sayi biyar yana neman fuskar gwaninsa. Midnights na Taylor Swift an buga faifansa da bango iri huɗu, in ka haɗa bayansu su ba ka fuskar agogo. Dabarar kasuwa ce, kuma halal ɗinsu ce, sai dai kwafi ɗaya a jadawali ba lallai ya zama mutum ɗaya ba. Kuɗin ma ba ɗaya ba ne: faifai guda a Amurka ya ninka yuwan 30 sau da yawa, amma a wannan jadawali kowanne ɗaya ake ƙirga shi.

Abin da ke ci mini rai a musun nan shi ne masu cewa tunda ba su san shi ba, to ƙarya ne. Mutumin nan ya haura shekara ashirin yana cika filayen wasa, mujallar Time ta Asiya ta sa shi a bangonta tun 2003, ya fito a fim ɗin Hollywood a 2011. Rashin saninmu da shi iyakar harshe ce da iyakar manhaja. Mu da muke da mawaƙan da miliyoyi suka haddace waƙoƙinsu daga Kano har Damagaram ba tare da sunansu ya taɓa shiga irin wannan jadawali ba, ya kamata mu fi kowa gane wannan.

[Hoto: taron kallo, dubban fitilu a hannun mutane]

A Disambar 2023 ya ƙulla yarjejeniya da Universal Music, kamfanin kiɗa mafi girma a duniya, domin su riƙa rarraba tsofaffin kundayensa da sababbi a faɗin duniya. Ga mai son gwadawa a nan gida, waƙoƙinsa suna kan Spotify da YouTube, ba sai ka sayi komai ba. In ka danna daga Kano ko Maraɗi, a layin masu sauraro za a rubuta ka. Ni dai da za a tambaye ni, da Fantasy zan ce a fara, sannan Yeh Hui-mei.

Bari in yi shiru haka nan ku ji yadda yake taɓa fiyanon nan.

[Kiɗa ya ci gaba har hoto ya ɗauke]