Darasin Keken Hawan Dutse: Birkin Gaba da Faɗuwar Gangara

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ga ni a gindin duwatsun Shere, gefen Jos, da kekena da hular kwanona. Wannan wasa samarin Kalifoniya ta Amurka ne suka fara shi a shekarun 1970, suna gangarowa daga tsauni da tsofaffin kekuna, har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Kuma har yau, yawancin munanan raunuka a gangara ake samunsu.

Ku matso ku ga hannuna. Wannan shi ne birkin gaba. Ya fi na baya ƙarfin tsayar da keke, shi ne kuma ke jefar da mutum. Kana gangarowa da gudu, ka hango rami, gabanka ya faɗi, ka damƙe shi gaba ɗaya. Tayar gaba ta kafe, ta baya ta ɗaga, sai ka ji ka a sama. Za ka miƙa hannu ka tare ƙasa, duk nauyinka ya bi ta hannun ya sauka a ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Nawa ya taɓa karyewa a haka, mako shida hannuna na rataye, ko riga sai an sa mini.

Masu sayen keken gwanjo, ku saurara da kyau. Na Ingila birkin gaba a dama yake, na Amurka a hagu. Tun kana tsaye ka matsa kowanne ka ga tayar da yake kamawa.

To, ga yadda ake gangara. Ka tashi daga sirdi, feda biyu su daidaita, ka ɗan lanƙwasa gwiwa da hannu, ka ja ƙugu baya. Birki biyun tare, a hankali, kamar mai taɓa tumatir a kasuwa. Gudu kuwa kafin kwana ake rage shi, in ka kama birki a tsakiyar kwana kan tsakuwa, taya za ta zame.

Idan abokin tafiya ya faɗi, ko da hula a kansa, ka lura da shi. Jiri, amai, ko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, hawa ya ƙare, sai asibiti. In ya ce wuyansa na ciwo ko yatsunsa sun mutu, don Allah kada a ciccibe shi a ɗora a babur. A riƙe kansa yadda yake, a nemo ma'aikatan lafiya.

Ciwo a gindin babban yatsan hannu ma kada a ce targaɗe ne a wuce wurin mai ɗori. Akwai ɗan ƙaramin ƙashi a nan da kan karye, wani lokaci karayar ba ta fitowa a hoton asibiti na farko, sai an sake ɗauka. Hular da ta daki dutse kuma ta gama aikinta, ko ba ta tsage a waje ba, a canza ta.